Alƙaluma Tara

Ranar Lahadi na wanke kaina a injin wanki.
Ba ni ɗin ba dai, katin.
Shekara goma sha ɗaya yana kwance cikin ambulan
ƙarƙashin katifa, ko rana ba ta taɓa ganinsa ba.
Sau ɗaya na fito da shi, don sabon aikin sito,
na mance shi a aljihun wando.
Ya sha ruwa, ya sha sabulu, ya sha juyi,
da na buɗe murfi sai ga shi kamar dusa,
ya manne wa safa da tawul.

Litinin na sammaka.
Baltimore tana yayyafi, bas ta makara,
mai gadi ya sa na tuɓe bel da agogo,
inji ya tofo mini ƙuri'a: sittin da huɗu.
Suna kan sha tara.
Kusa da ni wani tsoho yana ta gyara hular sanyi
yana motsa baki, shi ma tasa lambar yake bita.

Da layi ya zo kaina na ce wa matar bayan gilashi,
ai lambar tana kaina,
ko cikin barci aka tashe ni zan kawo ta,
uku, biyu, huɗu, ba gargada.
Ta ce ɓarawo ma yana iya hadda.
Sanin hanyar gida ba shi ne mallakar gida ba.
Kawo shaida.

Na miƙa fasfo.
Ta dubi takarda, ta dubi kwamfuta, ta dube ni.
Fasfo ya ce Dantani.
Kwamfuta ta ce Dan, ta numfasa, sannan ta ce Tani.
Wani magatakarda da ban taɓa gani ba
ya raba ni gida biyu da yatsa ɗaya.
Lanƙwasar da ke kan harafin farko kuwa
tun a jirgi ta faɗa teku,
ban ma yi cigiyarta ba.

An haife ni Litinin, shekarar da fari ya ci geron Gumel.
Takarda ta ce ɗaya ga Janairu.
Na bar wa takarda gaskiyarta.

Sai layi na gaba:
sunan mahaifiya, na yanka, kafin aure.
Biro ya tsaya.
Wancan karon wani ne ya cike mini, ban san me ya sa ba.
Ni Inna na sani.
Shekara arba'in da shida bakina bai taɓa kama sunan nan ba,
kuma mai shi ta yi damina bakwai a ƙasa.

Na fita baranda na kira Gwaggo Tasalla.
Can la'asar ta yi, ina jin awaki suna shigowa.
Ta ce, kai, Ɗantani, abin da Amurka ta koya maka ke nan?
Na ce hukuma ce ke tambaya.
Ta yi shiru har na zaci kuɗin waya ne suka ƙare.
Sannan ta rage murya,
kamar yayarta tana ɗaki tana ji:
Hurera. Hurera ta Malam Barmo maɗinki.

Na rubuta shi a hankali, harafi harafi,
na rufe da tafin hannu kamar ɗan jarrabawa.
Matar ta karanta shi da ƙarfi, ta karya shi biyu,
ta buga hatimi.
Mako biyu, in ji ta, duba akwatin wasiƙa.

Ya zo ranar Alhamis,
tsakanin takardar kuɗin wuta da tallan katifa.
Shuɗi-shuɗi, ba nauyi, alƙaluman nan dai tara.
Na mayar da shi ambulan.

Amma yanzu in ina tura kwalaye cikin dare
ba lambar nake bita ba.